Bayan An Sallame Shi Daga Asibiti

Karatu: Markus 5:1-20

A shekarar 1971 aka buɗe asibitin masu taɓin hankali a Omdurman, hayin kogin Nilu daga Khartum, aka sa masa sunan Dokta Tijani El Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, wanda ya rasu a 1970. Wannan likita bai raina malaman addini da jama'a ke kai wa marasa lafiyarsu ba, ya yi aiki tare da su, gama ya gane cewa daga cikin jama'a majinyaci ya fito, can kuma zai koma. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, asibitoci da yawa a Khartum suka rufe, nauyin marasa lafiya ya koma kan dangi, sau da yawa ba ko magani.

Ɗan'uwa, tambayar ta iso ƙofarmu: wanda aka sallama daga asibiti, nauyinsa a kan wa yake?

Dubi mutumin ƙasar Garasinawa. Lokacin da yake cikin kaburbura, an san yadda za a yi da shi, wato sarƙa. Amma da suka same shi zaune da tufafi, cikin hankalinsa, sai tsoro ya kama su. Ya roƙa ya shiga jirgi tare da Yesu, Ubangiji ya hana, ya aike shi gida, wurin mutanen da suka taɓa ɗaure shi.

Ba muna cewa kowane ciwon ƙwaƙwalwa aikin aljannu ne ba. Ciwo ne kamar hawan jini, shan magani kuma ba rashin bangaskiya ba ne. Tsoron dangi ma ba na banza ba ne, domin ciwon yakan dawo, musamman in an daina magani. Amma me ya fi saurin dawo da shi kamar kaɗaici? A ware masa kwano, yara su bi shi da sunan mahaukaci, ikkilisiya ta bar shi a bencin baya, sa'an nan mu ce bai warke ba! Ka raka shi ranar ganin likita. Ka ba shi aiki ko da ƙarami, ko jera kujeru ne ranar Lahadi. Ka kira shi da sunansa.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna da marasa lafiya na Omdurman da Khartum da masu jinyarsu, ka kuma ba mu zuciyar cin abinci a kwano ɗaya da wanda ya dawo. Cikin sunan Yesu, Amin.