TURAREN MAZA DA NA MATA: INA BAMBANCIN YAKE?

Duk wanda ya taɓa sallar Juma'a a Rano ko Kibiya ya san mai turare, wanda kan baza 'yan kwalabensa a bakin masallaci, yana ɗiga wa jama'a a bayan hannu su sansana. A da, kwalbar Bintu Sudan guda ta ishi gida: maigida ya shafa a babbar riga, a sa ta cikin lefe, a kuma yayyafa wa likkafani. Yanzu kuwa 'yan kasuwa sun raba turare gida biyu, kuma yawancin tallan na maza a talabijin da wayar hannu alkawari ɗaya yake yi wa saurayi, wai in ya fesa mata za su bi shi.

Shin Musulunci ya san wannan rabo? Lalle ya san shi. Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito hadisi daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, mai nuna cewa ƙanshi mai tashi na namiji ne, na mace kuwa mai launi ne marar tashi. Malamai suka ce wannan game da lokacin fitarta ne. A ɗakin mijinta kuwa, humra ko turaren wuta, ta yi amfani da wanda ta ga dama. Ashe ke nan ma'aunin shari'a shi ne wurin da za a da niyyar da aka ɗaura.

An so namiji ya shafa turare ran Juma'a domin kada ya cuci na kusa da shi a sahu, kamar yadda aka hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa shiga masallaci. Mace kuma, gudun fitina ya sa aka hana ta fita da ƙanshi. Saboda haka wanda ya fesa turare don ya ja hankalin matan mutane, ya faɗa ramin da aka tsare mace daga gare shi, ko da an rubuta "na maza" a jikin kwalbar.

Akwai kuma magidancin da ke ƙanshi a majalisa, amma ya shiga ɗakin iyalinsa da gumin gona. An ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas yana son yi wa matarsa ado kamar yadda yake son ta yi masa. Mai kwalba ɗaya tak, to, sahu da iyalinsa su ne suka fi cancanta da ita.

Allah Ya sa a dace, amin.