Mai Shaida da Abin da Idonsa Bai Gani Ba

Cikin Dokoki Goma akwai wadda ta hana shaidar zur, kuma yawancin masu bi sun ɗauke ta a matsayin doka a kan ƙarya tsagwaronta, wato mutum ya ce fari alhali ya san baƙi ne. Amma akwai wata tambaya da ta fi wannan wuya. Idan aka aiki mutum ya dubo abu, ya duba iyakar ƙoƙarinsa, bai ga kome ba sai hazo, me zai faɗa wa waɗanda suka aike shi, tun da ya san labari mai daɗi suke jira? Masu binciken sararin sama sun sha fama da wannan tambaya shekara da shekaru a kan wata duniya guda, kuma labarinsu ya isa a yi tunani a kansa.

Sunan wannan duniya a littattafan masana GJ 1214 b. An gano ta a shekara ta 2009, a ƙarƙashin jagorancin David Charbonneau na Jami'ar Harvard, da waɗansu ƙananan madubai na hangen nesa da aka kafa a kan wani dutse a Arizona ta ƙasar Amurka. Tana kewaya wani ƙaramin tauraro ja, irin waɗanda masana ke kira wadanni, wanda faɗinsa kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne na faɗin rana. Haskensa yakan yi tafiyar shekara 48 kafin ya iso duniyar 'yan Adam, kuma a lissafin taurari wannan maƙwabtaka ce ta kusa. Duniyar ta manne wa tauraronta ƙwarai: tsakaninsu kimanin kilomita miliyan 2 ne, alhali tsakanin duniyar nan da rana kilomita miliyan 150 ne. Saboda haka shekararta duka awa 38 ce. Faɗinta ya kusa ninka na duniyar nan sau uku, amma bai kai na Neftun ba. Babu mai irin wannan girma ko ɗaya cikin duniyoyin da ke kewaya rana, ga shi kuwa irinsu suna cikin mafi yawa a duniyoyi sama da 6,000 da aka tabbatar da su zuwa shekara ta 2025. Dalilin da ya sa masana suka ƙwallafa rai a kanta ke nan.

Babu wanda ya taɓa ganinta da ido, ko a hoto. Abin da ake gani shi ne, duk sa'ad da ta gitta ta gaban tauraronta, haskensa yakan ragu da kashi ɗaya da 'yan kai cikin ɗari, na ƙasa da awa guda. A wannan ɗan lokaci wani ɓangare na hasken yakan ratsa ta cikin iskar da ke lulluɓe da ita. Idan aka rarraba hasken launi-launi kamar bakan gizo, kowace irin iska takan haɗiye nata launi ta bar alama, har a iya cewa ga tururin ruwa, ga wata iska dabam. Tun da tauraron ƙarami ne, alamar takan fi fitowa, shi ya sa aka sa rai cewa wannan duniya za ta yi saurin bayyana asirinta.

Nauyinta da girmanta sun nuna ba ta kai dutse tauri ba, don haka tun farko aka yi zaton ko ruwa ne ya fi yawa a jikinta. Jaridu suka ɗauki zancen, suka yi ta kiranta duniyar ruwa. Amma da aka fara auna iskarta a shekara ta 2010 da wani babban madubi a ƙasar Chile, ba a ga alamar kome ba. Sai Laura Kreidberg, wadda a lokacin ɗaliba ce a Jami'ar Chicago, ita da abokan aikinta suka juya madubin Hubble gare ta, suka kalli gittawarta har sau 15. Abin da suka wallafa a shekara ta 2014 miƙaƙƙen layi ne, ba tudu ba kwari. Bayaninsu shi ne gajimare ko hazo mai kauri ya rufe samanta, kamar yadda hazon hunturu kan ɓoye dutsen da ke bayan gari, ko da yake kowa ya san dutsen yana nan.

A nan ne tambayar take. Lokacin aiki da madubi irin Hubble abu ne mai tsada da ake gasa a kansa, kuma matashin masani yana bukatar suna domin ya sami aiki. Ana iya cewa, me zai ɓaci idan aka ɗan karkata bayanin zuwa ga abin da jama'a ke so? Ai ba za a ce an yi ƙarya ba, gama ruwan yana iya kasancewa a ƙarƙashin hazon. Har ma akwai masu cewa ɗan ƙarin gishiri yana da amfani, domin shi ke jan hankalin masu ba da kuɗi da yaran makaranta. Wannan hujja ba ta banza ba ce, kuma mutane masu kyakkyawar niyya sukan riƙe ta.

Sai dai ta manta da matsayin mai sauraro. Kumbon Voyager 1, wanda ya fi kowane abin da ɗan Adam ya ƙera nisa, da a ce can ya nufa, da sai ya yi fiye da shekara dubu 800 a hanya. Manomi ko malamin makaranta da ya ji labarin ba shi da wata hanyar zuwa ya tabbatar. Duk abin da ya sani, daga bakin mai shaida ya karɓa. Inda mai sauraro yake iya dubawa da kansa, ƙarin gishiri ƙaramin laifi ne, domin gaskiya za ta yi halinta nan da nan. Inda ba ya iyawa, an ɗora wa mai magana amana ninki biyu: ya faɗi abin da ya gani, ya kuma faɗi inda ganinsa ya tsaya. Wanda ya ɓoye iyakar ganinsa ya ba da shaida a kan abin da bai gani ba, ko da daga baya zatonsa ya zama daidai.

Wannan nauyi ba na masanan taurari kaɗai ba ne. Yana kan dattijon da aka aika ya bincika halin saurayi kafin a ba da 'ya, ya dawo da yabo alhali kwana ɗaya ya yi a garin. Yana kan wanda ya tashi ba da shaida a lokacin sujada, ya mai da ɗan sauƙin da ya samu cikakkiyar warkewa domin jama'a su yi sowa, ga kuma wani mara lafiya a kujerar baya yana lissafin ko ya daina shan magani. Yana kan iyaye fiye da kowa, gama yaro ba shi da madubin da zai duba maganar mahaifinsa da shi.

Abin lura kuma, miƙaƙƙen layin nan bai zama hasara ba. Shi ya gaya wa na baya cewa hanyar farko ta toshe, a nemi wata. An harba madubin James Webb ranar Kirsimeti ta shekara ta 2021, kuma a shekara ta 2022 Eliza Kempton ta Jami'ar Maryland da ƙungiyarta suka bi duniyar da shi na kimanin awa 40, wato kewaye guda cikakke, suna auna zafin da take fitarwa maimakon hasken da ke ratsa ta. Suka sami gefen da ke fuskantar tauraron a digiri 279 na ma'aunin Salshiyas, gefen dare kuma a 165. Suka gano cewa hazon yana mayar da wajen rabin hasken da ke sauka a kansa, kuma iskar da ke ƙarƙashinsa mai nauyi ce. Da na farko sun yi shelar ruwa, da na biyu sun ɓata lokaci suna gini a kan rairayi.

Jarabar dai ba ta gushe ba. A watan Afrilu na shekara ta 2025 wata ƙungiya ta Jami'ar Cambridge ta ba da sanarwar alamar wata iska a duniyar K2-18 b, ita ma matsakaiciya mai kewaya jan tauraro, iskar da a duniyar nan ƙananan halittun teku ne suka fi samar da ita. Masanan sun ce ana bukatar ƙarin awo, amma wannan kashedi ya nutse a cikin manyan kanun labarai masu zancen rai a wata duniya. Cikin 'yan makonni waɗansu masana suka sake auna bayanan, suka ce alamar ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Mutane da yawa sun ji sanarwar farko, kaɗan ne suka ji ta biyu. Wannan ya nuna cewa faɗin iyakar gani a ƙasan takarda bai wadatar ba idan an san cewa samanta kawai za a karanta.

Ita kuwa GJ 1214 b, a shekara ta 2023 an raɗa mata suna Enaiposha, daga harshen Masai na ƙasar Kenya, ma'anarsa babban ruwa kamar tafki ko teku, ko da yake zafin da aka auna bai bar wurin teku irin na duniyar nan ba. A shekara ta 2024 Everett Schlawin da abokan aikinsa suka ga wata 'yar alama ta iskar kabon dayoksaid a saman hazon, iskar da ta cika sararin tauraruwa Zara. Bayan shekara goma sha biyar ana jira, kalmar da suka fara kan rahotonsu da ita tana nufin "mai yiwuwa".