Bel Ɗin Mota da Tambayar Ƙaddara a Hanyar Shinkafi

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, hanyar da ta taso daga Gusau ta ratsa Ƙaura Namoda ba ta hutawa. Golf da Sharon da bas-bas ƙirar Hiace na ta kai da kawo, maƙare da mutane da buhuna. Duk wanda ya saba bin wannan hanya, ko wadda ta nufi Zurmi ta ɓulle Jibiya, ya san halin direbobi da yawa: da an hango jami'an kiyaye haɗurra, sai direba ya jawo bel ya ɗora a ƙirji, wani ko maƙalawa ba ya yi, dannewa kawai yake da hammata. Ana wuce shinge ya sake shi. In fasinja ya tanka, amsa na bakinsa: "Malam, in kwana ya ƙare, bel ba ya hana mutuwa."

Babu musulmin da zai musa wannan. Ajali ba ya gaba, ba ya baya. Abin tambaya shi ne, imani da ƙaddara ya sauke wa mutum nauyin yin abin da ke hannunsa?

Sahabbai sun riga mu cin karo da wannan tambaya. A zamanin halifancinsa, Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, yana isa wani wuri da ake kira Sarg aka gaya masa annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya yanke a juya. Abu Ubaida, kwamandan rundunar Sham, ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa inda za su koma ɗin ma yana cikin ƙaddarar, ya kawo misalin makiyayin da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe: duk inda ya kora raƙumansa da ƙaddarar Allah ya kora. Kafin wannan, Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɓuya a kogon Saur ranar hijira, ya ɗauki ɗan jagora masanin hanya, a yaƙin Uhudu kuma ya sa sulke biyu. Babu wanda ya kai shi tawakkali, amma bai bar sababi ba.

Bel sababi ne da aka gwada aka ga amfaninsa. Wani injiniyan kamfanin Volvo, Nils Bohlin, ya ƙirƙiro irin wanda ke ratsa kafaɗa da ƙugu a 1959, kamfanin kuma ya bar kowa ya kwaikwaya kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana rage haɗarin mutuwar masu zama gaba da kusan rabi. Dalilin a fili yake. Bas mai gudun kilomita 80 a awa, iyakar da doka ta yanka masa a babbar hanya, in ya daki wani abu ya tsaya cak, jikin na ciki ba ya tsayawa. Da wannan gudun zai bugi sitiyari ko ya fasa gilashi ya fita. Bugun ya yi daidai da faɗowa daga bene mai hawa takwas.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta ɗaura bel a Janairun 2003, dokarta ta 2007 kuma ta sa tarar naira 2,000 ga wanda ya ƙi. Malamai ma sun yi magana. A zamanta na Burunai a 1993, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba na ɗaukar alhakin ɓarnar da gangancinsa ko sakacinsa ya jawo. Wannan ya hau kan tushen da Imam Gazali da Shaɗibi suka bayyana, cewa tsare rai na cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don karewa.

Nan ne amsar direba ta gaza. Ko da an yarda mutum ya yi wasa da ransa, motar haya ba ransa kaɗai ta ɗauka ba. A bayansa akwai ɗalibar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, akwai tsoho mai zuwa asibiti Gusau, akwai mai goyo. Galibinsu ko sun so ɗaura bel ba za su samu ba, domin an kai motar wurin mai walda an cire kujerun asali an jera benci don ƙarin lodi, a kujerar gaba kuma an cusa mutum biyu inda aka yi wa ɗaya. Mai motar da ya yi haka ya zaɓar wa mutum goma sha takwas hanyar da ba su zaɓa ba, sannan ya kira sakamakon ƙaddara. Fasinja amana ne tun daga lokacin da ya biya kuɗin mota har ya sauka. Jami'in da ya leƙa ya ga babu bel, ya karɓi na goro ya ɗaga hannu, shi ma ya shiga cikin alhakin.

Akwai uzurin da ya fi na ƙaddara nauyi a wannan yanki, kuma bai kamata a raina shi ba. Shekaru ke nan 'yan bindiga na tare hanyoyin Shinkafi da Zurmi. Direba na taka mota don kada a rutsa da shi, fasinja kuma na ganin bel zai riƙe shi lokacin da ya kamata ya ɓalle ƙofa ya shiga daji. Tsoron na gaske ne. Sai dai kwance bel danna maɓalli ɗaya ne, kuma gudun da tsoro ke sa a yi a kan hanya mai ramuka shi ne ke kawo fashewar taya da wuntsilawa, inda wanda bai ɗaure ba ke fita ta taga. Matsalar tsaro ƙara wa bel muhimmanci ta yi.

Gyara zai fi sauƙi a tasha fiye da kan titi. Ƙungiyar direbobi ce ke tsara layi, 'yan kamasho ke lodi, sun san kowace mota da mai ita. Suna iya hana motar da aka cire wa bel ɗaukar layi har sai an mayar, kamar yadda suke hana wanda bai yanki tikiti ba. Limaman Juma'a na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, waɗanda su ne ke sallar gawawwakin da ake kwasowa daga hanya, suna iya ware huɗuba ɗaya kan labarin Umar da Abu Ubaida kafin tafiye-tafiyen sallah su kankama.