Da Ɗan Gari Ake Cin Gari: Ina Iyakar Karrama Baƙo?

'Yar'uwa uwargida, ga wata tambaya da nake so mu tattauna a wannan fitowa: idan kika sauki baƙo, ya biya kuɗin ɗaki, ya kyautata wa yaranki, amma ya zauna a ɗakin nan ya shirya labarin da zai zubar da mutuncin danginki a idon duniya, shin laifin nasa ne shi kaɗai, ko ke ma kina da kaso a ciki?

Wannan tambaya a aikace take a ƙasar Maroko. A kudu da duwatsun Atlas akwai wani gari a bakin hamada mai suna Warzazat, inda aka kafa katafaren wurin shirya finafinai na Atlas a 1983. Kusa da shi akwai tsohon garin ƙasa na Ait Ben Haddu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. A wannan yanki aka ɗauki sassan Gladiator (2000) da Kingdom of Heaven (2005). Abin da ke jawo kamfanonin Amurka da Turai a fili yake: ga rana kusan duk shekara, ga hamada da duwatsu, ga sauƙin kuɗin ma'aikata. Gwamnatin ƙasar kuma tana mayar musu da wani kaso na abin da suka kashe a can, wanda ta ɗaga daga kashi 20 zuwa kashi 30 cikin ɗari a 2022.

Kada mu raina amfanin, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan 'yan fim suka sauka, kafinta ya samu aiki, tela da mai dafa abinci da direba da mai raƙumi duk sun samu, sannan a ɗebi ɗaruruwan talakawa su cika taro a biya su kuɗin yini. Da wannan kuɗi wata uwa irinki take sayen magani da littattafan makaranta. Duk wanda zai yi hukunci a kan mutanen nan, to ya fara tuna cewa shi a ƙoshe yake magana.

Sai dai fa, 'yar'uwa, dubi abin da ake yi da ƙasar da fuskokin mutanenta. Fim ɗin Black Hawk Down (2001) labarin faɗan Mogadishu ne na 1993, inda sojojin Amurka 18 da ɗaruruwan Somaliyawa suka mutu, amma a Rabat da Sale aka ɗauke shi. Kowane sojan Amurka yana da suna da labari, su kuwa Somaliyawa taron masu ihu ne kawai ana harbe su. A American Sniper (2014) unguwannin Maroko ne suka zama Iraƙi. Akwai kuma Sex and the City 2 (2010), wanda labarinsa a Abu Dabi yake, amma hukumomin Daular Larabawa ba su ba da izini ba, sai aka koma Maroko. A cikinsa har da inda aka mayar da masu niƙabi abin dariya. Kin ga ke nan abin da wani mai gida ya ce a'a, maƙwabcinsa ya buɗe masa ƙofa. Har ta kai wasu magidanta a Warzazat suna tara gemu domin sun san mai gemu ake nema idan za a nuna ɗan ta'adda ko mutumin zamanin da.

To amma adalci ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. A Marokon nan Mustafa Akkad, haifaffen Halab ta Siriya, ya fara ɗaukar Ar-Risala a 1974, kafin matsin lamba ya sa aka ƙarasa shi a Libiya, ya fito a 1976. Gidajenmu nawa ne suka zubar da hawaye a kan azabar da Bilal da Sumayya suka sha ta dalilin wannan fim? Shi kansa Kingdom of Heaven, Bature ne ya shirya shi, amma ya nuna Salahuddin Ayyubi a matsayin shugaba mai alkawari da dattako. Ashe hamadar guda ce, raƙuman su ne dai, abin da ya bambanta shi ne manufar baƙon da kuma abin da mai masaukin ya sani game da ita.

A nan ne malamanmu na fiƙihu suka riga mu tunani. Sayar da inabi halal ne, amma a mazhabar Malikiyya bai halatta ka sayar wa wanda ka san giya zai matsa da shi ba, haka nan ba da hayar ɗaki ga wanda ka san saɓo zai yi a ciki. Tushen hukuncin shi ne aya ta 2 a Suratul Ma'ida, wadda ta hana taimakon juna a kan zunubi da zalunci. Lura da kyau, 'yar'uwa, sani ne ma'aunin. Saboda haka nauyin ba daidai yake a kan kowa ba. Hukumar finafinai ta ƙasar, wadda ba a kafa kyamara sai da izininta, ita ce ta fi kowa ɗaukar kaya, domin tana da ikon sanin labarin kuma tana da ikon cewa a'a. Sai dillalan da ke haɗa baƙi da 'yan gari, su ma sun san dawan garin. Shi kuwa talakan da aka sa wa rawani aka ce ya ruga da gudu yana ihu, sau da yawa bai san farkon labarin ba balle ƙarshensa, ga kuma yara suna jiran abinci a gida. Nasa da sauƙi, amma ranar da ya gane cewa addininsa ake ci wa fuska da fuskarsa, daga nan uzurin ya fara raguwa.

Wata za ta ce, ai ko Maroko ta ƙi, za su tafi Jodan ko Sifen su yi fim ɗinsu, ka ga an yi biyu babu. Gaskiya ne za su tafi. Amma wannan ita ce hujjar duk mai sayar da abin da bai dace ba, wai in ban sayar ba wani zai sayar. Allah ba zai tambaye ki abin da maƙwabciyarki ta yi da ɗakinta ba, naki zai tambaye ki. Kuma tsakanin korar baƙo da sakar masa gida akwai hanya ta uku, wato gindaya sharaɗi. Karrama baƙo da addini ya umarta ciyarwa ce da sakin fuska da kariya, ba ta haɗa da miƙa masa mutuncin gida ba.

Yanzu dawo gida, uwargida. Wataƙila ba wanda zai zo ɗaukar fim a ƙofarki, amma kina da shagon da kike ba da haya, kina da keken ɗinki da tukunyar da ake kawo miki aiki, kina da maigidan da ke shigo da kuɗin kwangila. Ki riƙa tambaya cikin ladabi da hikima, wannan aikin na mene ne? Idan kuma yaranki suna kallon fim suka ga mai gemu da rawani yana zare ido, ki gaya musu cewa mai yiwuwa wani bawan Allah ne mai neman abincin yini, kuma wanda ya rubuta labarin yana da abin da yake so su ɗauka. Sannan kafin ki zargi wancan talaka, ki tuna cewa kallon da muke yi shi ne kasuwar da ake shirya fim ɗin dominta.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga zama tsanin da za a taka a ci mutuncin 'yan'uwanmu, Ya yassare wa mabuƙata hanyar abinci mai tsabta. Wassalamu alaikum.