Nisan da Jirgin Sama Ba Ya Ragewa

Karatun yau: Afisawa 2:11-18



Tsakanin birnin Singapur da birnin New York na ƙasar Amurka akwai nisan kilomita wajen 15,300. A zamanin jiragen ruwa tafiyar makonni ce. A shekarar 2004 kamfanin Singapore Airlines ya fara haɗa biranen biyu ba tare da sauka a hanya ba, ya dakatar a 2013, ya kuma dawo a 2018. Jirgin yakan yi awa 18 zuwa 19 a sama.

Amma tafiya mai nisa tana da tsada. Jirgin da aka kawo domin wannan hanya a 2018, wato Airbus A350-900ULR, yana iya ɗaukar mai lita 165,000. Kujeru 161 kawai aka sa a ciki, alhali irinsa yakan ɗauki fasinja fiye da 300. Sai da aka rage kaya kafin ya iya kaiwa.

Mutum ya rage nisan da ke tsakanin birane, amma akwai nisan da ya gagare shi. Zunubi ya raba mu da Allah, ba kuwa tikitin da zai kai mu wurinsa. A karatunmu na yau Manzo Bulus ya tuna mana cewa dā muna can nesa, jinin Almasihu ne ya jawo mu kusa. Yesu ne ya yi tafiyar. Ya ajiye ɗaukakarsa, ya zo wurinmu, ya biya kuɗin hanya da ransa a kan gicciye.

To, ya kai mai sauraro, yaya nisan da ke tsakaninka da ɗan'uwanka? Akwai wa da ƙane da katanga ɗaya ta raba gidajensu, amma shekara biyar ba su gaisa ba saboda gonar gado. Akwai mata biyu a zumunta ɗaya, suna waƙa tare ranar Lahadi, amma ba sa haɗa ido. Taku ashirin ya fi musu kilomita 15,300 nisa.

Abin da ke hana mu tashi shi ne nauyin kaya: girman kai, riƙo, da jiran wancan ya fara. A Matiyu 5:23-24 Ubangiji ya umarce mu mu shirya da ɗan'uwa tukuna kafin mu miƙa baiko. Bai ce mu jira mai laifi ya zo ba. Ka sauke kayan, ka je ka yi masa sallama yau kafin rana ta faɗi.

Addu'a: Ya Uba, mun gode domin ka aiko Ɗanka ya kawo mu kusa da kai. Ka cire girman kai daga zuciyata, ka ba ni ƙarfin zuwa wurin wanda muka ɓata da shi. Cikin sunan Yesu, amin.