Darasi: Tattara Abin da Ya Rage

Abin karantawa: Yohanna 6:1-13, Kubawar Shari'a 23:12-14.

'Yan'uwa cikin Kristi, sa'anda Ubangijinmu Yesu ya ciyar da maza wajen dubu biyar da gurasa biyar da kifi biyu, bai sallami taron nan da nan ba. Sai da ya umurci almajiransa su tsince ragowar, har suka cika kwanduna goma sha biyu. Wanda yake da iko ya yawaita gurasa bai yarda gutsure ɗaya ya lalace ba. Ina dalilinmu, mu da ba mu iya halitta ko ƙwayar dawa ɗaya?

Haka kuma Musa ya dokaci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya haƙa rami ya binne ƙazantarsa, gama Allah yana tafiya a tsakiyarsu. Ashe tsabtar gida da ta unguwa suna cikin ibada.

Kakanninmu sun san wannan. Toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida, duka akan ɗora wa jaki a kai gona su zama taki. Amma yanzu leda da roba sun shigo, su kuwa ba su ruɓa kamar ganye. Suna toshe magudanar ruwa har ambaliya ta shiga gidaje. Akuya takan haɗiye leda ta rame ta mutu. Gwangwanin da ya tara ruwan sama yakan zama gidan sauro, hayaƙin ƙona roba kuma yana cutar da ƙirjin yara. Saboda irin wannan ɓarna ƙasar Ruwanda ta hana jakar leda a 2008, Kenya kuma a 2017.

Me za mu yi fa? Bari kowane gida ya ajiye kwanduna uku. Na fari domin abin da ke ruɓa, kamar ɓawon doya da ganye, a zuba a rami ya zama taki. Na biyu domin ƙarfe da gwangwani da kwalba da gorar roba, a ba 'yan gwangwan, gama maƙera suna narkar da alminiyom su yi tukwane. Na uku kaɗai za a kai juji. Idan an cakuɗa su, duka sun zama ƙazanta. Idan an rarrabe, biyu sun zama amfani, maƙwabci kuma ya huta da wari.

Tambayoyi:
1. Don me Yesu ya sa a tattara ragowar?
2. Ina sharar gidanka take ƙarewa, wa kuma take cuta?
3. Me ikilisiyarku za ta fara yi a wannan mako?

Addu'a: Ya Uba, ka koya mana riƙon amanar abin da ka ba mu, har da ɗan abin da ya rage. Cikin sunan Yesu, Amin.