WATA UKU NA JIRA

'Yan'uwa, sau da yawa mutum ya kan fito daga ɗakin shari'a ya ce, an raba mu yau, na huta. Ko haka ne kuwa? Bari mu duba abin da doka ta ce, sa'an nan mu tambayi zukatanmu.

A Nijeriya, auren da aka ɗaura bisa dokar gwamnati, ko a ofishin rajista ko a majami'a mai izini, Babbar Kotu ce ke kashe shi, bisa dokar shekara ta 1970. Dalili ɗaya ne dokar ta sani, wato auren ya lalace har ba shi gyaruwa. Wanda bai cika shekara 2 da aure ba, ba ya kai ƙara sai da izinin kotu. An kuma ɗora wa alƙali ya duba ko akwai hanyar sulhu.

In alƙali ya gamsu, ba ya yanke igiyar nan take. Hukunci na fari ya ke bayarwa, wanda ba ya zama tabbatacce sai bayan wata 3. In akwai 'ya'ya waɗanda ba su kai shekara 16 ba, dole kotu ta duba shirin da aka yi domin riƙonsu da karatunsu. Cikin kwanakin nan su biyu miji da mata ne har yanzu. Wanda ya ɗaura wani aure ya yi laifi gaban doka. In ɗayansu ya mutu, wanda ya ragu takaba ce ko rashin mata ya same shi, ba saki ba. In kuwa sun shirya, kotu tana da iko ta soke hukuncin.

Waɗansu suna cewa jiran nan zalunci ne. Lalle macen da ta sha duka shekara da shekaru, wata uku a wurinta da tsawo ya ke, kada kuwa mu tura ta gidan da ranta ke cikin hatsari. Amma fushi ba ya daɗewa kamar yadda nadama ke daɗewa. Abin da aka ɗaura gaban shaidu, bai kamata a kwance shi da zafin rana ɗaya ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da idda, inda miji ya kan iya mai da matarsa bayan saki ɗaya ko biyu. A auren gargajiya kuma, a wurare da yawa, sai an mai da sadaki kafin magana ta ƙare.

To, mu fa? Abin kunya ne alƙali ya bar ƙofa a buɗe, mu masu wa'azin gafara mu rufe ta da tsegumi. Gama sau da yawa kafin wata ukun su cika, har dangi sun fara nema wa ɗansu wata mata. Dattawan ikilisiya su je wurin mijin, su je wurin matar, su ji kowa da haƙuri, su tambayi inda yaran za su kwana da wanda zai biya kuɗin makaranta. In an shirya, mu gode wa Allah. In ba a shirya ba, kada mu bar ko ɗayansu ya zauna shi kaɗai ran Lahadi.